Alherin da Lazaru Ya Yi wa Mushe Wake

Duk wanda ya san Yusha'u, malamin kimiyya a kolejin Attantane, ya san abu biyu ne suka tsaya masa a rai: ƙwarin da ke cinye wake a rumbu, da Lazaru. Tare suka tashi a Korgom, tare suka yi lakwal har jami'a a Maraɗi, kuma kullum Yusha'u ne a gaba. Shi ya sa abin ya fi ciwo.

Shekaru ya yi yana bin rumbunan mutane a kan moto yana auna wake, har yara suka raɗa masa Mushe Wake, wato Malam Wake a bakin 'yan Faransanci. Da ya rubuta bincikensa, ya ba Lazaru ya gyara masa Faransancin, sannan ya aika wa wata mujallar ilimi ta gaske. Mutanen nan ba su da kara ko kaɗan. Su ce a sake lissafi, ya sake, su ce ina hujja. Damina ta zagayo ana abu ɗaya, ga shi da wannan aikin yake fatan samun koyarwa a jami'a.

Shi kuwa Lazaru, da ke ofishin noma a Tasawa, sunansa sai fitowa yake a wata mujalla mai dogon suna. Fasto ya sa masa albarka a majami'a, mutanen Korgom suka koma ce masa Dokta. Wata rana Ramlatu, matar Yusha'u, ta tambaya, ba da wata manufa ba, ko shi nasa aikin ya fi wuya ne. Ranar tuwo bai shiga ba.

Kada a yabi Yusha'u, ƙyashi ne ya sa ya binciki mujallar Lazaru, ba son gaskiya ba. Ya nemi masanan da ta ce suna tace mata aiki, ko ɗaya bai samu a wata jami'a ba. Sai ya rubuta yadda Ramlatu ke yin ɗan wake, ya yayyafa manyan kalmomi, ya aika da sunan ƙarya. Kafin kasuwa ta sake ci sun karɓa, har da yabo, biya kawai suke jira. Yusha'u ya yi dariya har da hawaye.

Ya hau moto sai Tasawa, yana tsara yadda zai faɗa wa Lazaru a hankali don ta fi shiga. Lazaru ya tarbe shi da fura mai sanyi. Kafin Yusha'u ya buɗe baki, Lazaru ya shiga ɗaki ya fito da takarda cikin gilashi.

"Na ga wahalar da mutanen can ke ba ka, ɗan'uwa," in ji Lazaru. "Aikin naka na wajena tun gyaran nan, sai na kai ma nawa mutanen. Ga shi ya hito. Kada ka tambai mi na kashe."

Sunan Yusha'u ne a kai, da wakensa, da shekarunsa duka. Ya san mujallar gaske ba ta karɓar abin da ya riga ya fito a wani wuri. Lazaru na tsaye yana murmushi, yana jiran godiya. Yusha'u ya ce ya gode.

Ya ɗaure gilashin a bayan moto ya koma gida, Ramlatu ta rataye shi a bango tana guɗa. Yanzu a Attantane shi ma Dokta ake ce masa. Ba ya amsawa.