Ranar da Fankar Inna Ta Tsaya

Saboda fankar Inna muka sayi batiri a gidanmu na Jekadafari, don zafin bazara yana wahalar da ita. Ni aka ɗora wa kula da cajinsa. Wata Juma'a babu wuta, na jona dutsen guga na goge babbar rigata, alhali na san zai zuƙe cajin. Da na dawo daga masallaci na tarar fanka ta tsaya, Inna tana fifita da guntun kwali, gumi ya jiƙa ɗankwalinta.

Ta dube ni, ta ce, "Auta, rigar nan ta karɓe ka."

Ba ta ga wata bazarar ba. Har yau ina marmarin in durƙusa gabanta in ce ni ne.