Kwanon da Na Yi Fanke a Ciki

Jiya ina kwaɓa gurasar Jibin Ubangiji, ƙamshin man gyaɗa ya taso, sai na tuna da tsohuwar da ta koya mini aikin a cocinmu na Daura. Iya muke ce mata.

Ba ta yin kwaɓi shiru. Tana zubawa tana fassara hadayar gari ta Isra'ilawa. Garin shi ne Almasihu da aka niƙa dominmu, man kuma Ruhu Mai Tsarki, gishiri alkawari ne da ba ya ruɓewa. Yisti kuwa zunubi ne, ba ya shiga.

Wata rana gurasa ta gasu. Sai na tuna a kwanon da muka yi kwaɓin na taɓa kwaɓa fanke da yisti. Na wanke shi, amma wa ya san abin da ya maƙale? Na ce, "Iya, mu zubar. Kada jama'a su ci abin da Allah zai ƙi saboda ni."

Ta gutsura, ta tauna da 'yan haƙoran da suka rage mata. "Gishiri dai ya ji," in ji ta. "'Yar nan, ko kin kankare kwanon har ya huje, marar yisti shi ne Almasihu, ba ke ba. Shi ya sa muke zuwa ci."

Har yanzu ina maimaita wankin kwano, amma jiya ban zubar da komai ba. Ubangiji ya hutar da marigayiya Iya, ya kwantar mini da hankali kamar yadda ta saba yi.