Ni Ce Tudun Babana

Ko yau na wuce gaban mai faci na shaƙi warin sholisho, sai in ji ƙarfen kariyar keke yana cizon cinyoyina, kamar ina 'yar firamare a Ƙofar Kwaya.

Babana tela ne, amma keke ya fi so. Muna da maƙwabci mutumin Filato, Kirista, ma'aikacin gidan ruwa, wanda suke fita yawo tare kowace yamma. Da ya yi ritaya zai koma ƙauyensu, sai ya tsokani Baba wai Bakatsine ba ya iya hawa dutse, ƙafarsa ta saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Baba ya ce ya jira shi, a kan keke zai yi masa sallama.

To, kai ma ka san Katsina. Ka tsaya a Ƙofar Durɓi ka duba ko'ina, ba abin da ya ɗaga kai sai hasumiyar masallaci. Ina mutum zai koyi hawa? Baba ya gano wani guntun tsohuwar ganuwa da ke gangarawa cikin kududdufi, ya riƙa sauka ƙasa yana hawowa. Da ya ga hawan ya yi masa sauƙi, ya ɗaura buhun yashi a baya. Buhun ya yage. Ranar nan ya dube ni ina cin gyaɗa a zaure, ya ce, "Taho nan, ke kin hi buhu, tunda kina iya riƙe kanki."

Haka na zama tudunsa. Bayan la'asar Inna ta naɗe tsohon zane a kan kariya, in hau, in kama rigarsa. Da bazara ƙasa ta yi tauri, keken ya riƙa tsalle, haƙorana suna haɗuwa. Da damina kuwa laka ta kama taya, kwaɗi suna ta surutu, Baba ya miƙe tsaye a kan feda, sarƙa tana ƙara, bayansa ya jiƙe sharkaf har ina jin ɗumin a kumatuna. Dattawan da ke zaune gindin dalbejiya su ce tela ya zautu. Kakata ta ce wanda ya rasa aikin yi ne ke sauka rami don ya hawo. Ni dai ko a jikina, domin na sa a raina cewa tare za mu tafi. Wa zai hau dutse ya bar tudunsa a gida?

Da kaka ta yi, na wayi gari na ga an kwance kariyar, an jingine ta a bango. Za a ɗora keken a kan mota zuwa gindin dutsen, daga nan ya hau shi kaɗai. Na yi kuka har muryata ta dushe. Ya tsuguna a gabana ya ce, "Yi haƙuri, ɗiyata. In leƙo hanyar tukuna. Baɗi da ke za a tahi."

Ya hau, ya kuma isa. Ya dawo da dankalin Turawa da labarin sanyi da hazo, da yadda abokinsa ya rungume shi a gaban coci mutane suna tafi. Ya ce a wurin da hawan ya fi tsanani ya waiwaya ya ce "Riƙe da kyau," ya manta ba kowa a bayansa.

Baɗi ta zo wa Baba da ciwon gwiwa. Wadda ta biyo ta kuma na yi girman da Inna ta ce ba na zama bayan keke ba. Ba wanda ya fasa alkawari, alkawarin ne dai ya tsufa a hannunmu.

Bara aiki ya kai ni Filato. Direba ya haye dutsen yana hira, kafin in gama kallo har mun kai. Na sa ya tsaya, na kira Baba, wanda yanzu sai da sanda yake zuwa masallaci.

"Baba, ga ni a saman dutsenka."

"A kan mi?"

"A mota."

Ya ce, "Da na san ƙahwata ba ta kai baɗi, da na tahi da ke rannan, ko da turawa za mu yi."

Ganuwar nan an baje ta, an cike kududdufin an yi shaguna. Yara suna wucewa ta wurin a kan babur, ba su san ƙasar ta taɓa samun hawa ba. Ni kuwa na ga dutsen da idona, yana da kyau ƙwarai, amma har yau ji nake ban je ba.