Gyaran Muryar Maiwada

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Talata Mafara ya san rumfar Jatau mai tura waƙa, ko da bai san Jatau ba. Tana jikin tawa, bayan layin masu albasa. Ni tela ne, kuma zaman da muka yi ya ishe ni in faɗi halinsa: mutum ne mai kunne, kunnen nan kuwa shi ya ja masa.

Ɗan Bakura ne. Da kwafar kaset ya fara, ya bi sana'ar ta koma faifai, ta koma memori. Sauran masu tura waƙa matse sauti suke yi ya ƙanƙance, don waƙoƙi su shiga memori da yawa, mai waya ya tafi yana murna. Jatau in ya ji irin wannan sai ya ɓata fuska, ya ce an kwashe wa ganga cikinta an bar fata. Mukan yi masa tsiya, mu ce wanda sifikar wayarsa ta fashe ina ruwansa da cikin ganga. Ko a jikinsa.

Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan Maradun, cikin waɗanda suka gudo gari har da wata tsohuwa, Marka, da ɗanta Ishaq. Mijinta Maiwada makaɗin noma ne, ya rasu tun kafin tashin. Bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar waƙa ba. Abin da ya rage na muryarsa kaset ne 'yan kaɗan da manoma suka ɗauka da rakodarsu a wurin gayya. Marka ta baro tukwane da tumaki, amma ta ɗauro kaset ɗin a gefen zane. Ta kawo wa Jatau, ta ce sun fara cin zare, ya zuba mata muryar a waya kafin su lalace.

Jatau ya saurari ɗaya. Ya ce wannan ba abin matsewa ba ne.

A lokacin ne Anas, wani abokinsa da ya yi karatun kwamfuta a Sakkwato, ya ba shi labarin wani tsarin ajiyar sauti na wani kamfanin waje. Tsarin yana rage girman fayil ba tare da ya zubar da ko numfashi ba, sai dai kamfanin ya kulle abinsa, ba mai zuba sauti a ciki sai da manhajarsa mai tsada. Amma wasu can da ba na kamfanin ba sun bi diddigi sun ƙera tasu, kyauta, wadda take zubawa kuma take buɗewa. Anas ya sauko masa da ita. Jatau ya juye kaset ɗin duka, ya saurara, ya ce ko Maiwada ya dawo ba zai bambance ba. Ya ajiye a filash har biyu, ɗaya a rumfa ɗaya a gida.

Marka ta roƙe shi ya matse mata ko waƙa guda ta riƙa ji. A gabana aka yi. Ya ce ta ƙara haƙuri ya gama share shuuu ɗin da ke ƙarƙashin kiɗan, ba zai ba ta aiki rabi ba. Na so in sa baki, amma wa ya isa ya koya wa Jatau sauti? Ya miƙa wa Ishaq kaset ɗin, ya ce masa an kwashe abin da ke ciki tas, yanzu kwanso ne kawai.

To, Ishaq ƙwadago yake yi a gonakin shinkafa na Bakolori, kuma lokacin shinkafa ta fitar da kai, tsuntsayen jan-baki sun sauka. Duk manomin wurin ya san amfanin tsohon kaset: a zare zaren a ɗaura kan sanduna, iska ta kaɗa shi yana walƙiya yana kuka, tsuntsu ya tsorata. An ce masa kwanso ne. Ya zare su duka ya shimfiɗa a kan gonar ubangidansa. Ban ga laifinsa ba, har yau.

Ba a jima ba janareta ya yi wa kwamfutar Jatau ambaliyar wuta, ta ƙone ƙurmus. Bai damu sosai ba, tunda filash na nan. Ya samu wata kwamfutar, ya sa, fayilolin suka fito da girmansu, amma babu abin da zai buɗe su. Waƙoƙin ya adana, bai adana mabuɗin ba. Anas ya koma intanet neman manhajar, ya tarar an sauke shafin, masu ita sun watse. Suka yi ta maza suka samo ta kamfanin, ita kuma ta ce waɗannan fayiloli ba aikinta ba ne, ba ta san su ba. Wasu manhajojin sukan buɗe, sai dai abin da ke fitowa ƙara ce kamar ta injin niƙa. Jatau ya je Gusau, ya je Sakkwato. Kowa ya duba sai ya ce sautin yana ciki lafiya lau, ba a rasa komai ba. Wannan magana ita ta fi ci mini rai.

Kowace Talata Marka takan zo. Su gaisa doguwar gaisuwa, gida, gajiya, zaman baƙunta, sannan ta tambayi labarin filash. Shi kuma ya sunkuyar da kai.

"Inna, shina ciki. Ƙofa ta ba mu samu ba."

"To ɗana, Allah shi buɗa."

Ta fi jin tausayinsa fiye da yadda yake jin nata, kuma hakan ya ƙara karya shi. Ya daina yi wa kowa faɗa a kan sauti. Wanda ya kawo memori sai ya matse masa ya miƙa.

Bayan girbi ya hau babur ya tafi Bakolori. Ya bi gonar kunya-kunya yana tsintar zaren da ya rage a jikin sanduna da ƙaya, wanda rana ta gasa, ruwa ya daka. Ya dawo da shi cikin leda, ya wanke, ya shanya, ya riƙa haɗa guntaye da jan farce yana naɗewa da biro. Ya daɗe yana wannan aiki, kasuwa na wuce shi. Da ya sa a rakoda, yawanci ba komai sai huci. Wuri ɗaya ne kawai, ɗan guntu, aka ji mutum ya yi gyaran murya. Wannan karon bai tsaya share komai ba, nan take ya ɗauka ya zuba a wayar Marka.

Ta kara a kunne. Na tsayar da keken ɗinkina.

"Shi na," in ji ta. "Hakanga yaka yi in za shi hwara."

Ba ta sake tambayar filash ba. Yanzu a bakin zauren gidan da suke haya take wuni. Takan danna wayar, Maiwada ya gyara murya, ita kuma ta karkata kai tana jira ya fara.