Sunan da Inna Aisatu Ba Ta Faɗa Ba a Ofishin Makau

Kafin masu shayin bakin tashar Gummi su gama wanke kofuna, Malam Makau ya riga ya buɗe ɗan ofishinsa. Sai ya share, ya lallaɓa janareta ta tashi in ta ga dama, ya goge tabarau da gefen riga, ya fito da benci biyu, na maza da na mata. Shekara goma sha bakwai ke nan yana wakiltar wani kamfanin shirya tafiye-tafiye na Sakkwato. Shagona na ɗaukar hoto manne yake da nasa, shi ya sa abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi.

Mutanenmu na ƙauyukan Anka da Bukkuyum ba da takardu suke zuwa neman kujerar Umra ba, da baki suke zuwa. Ka tambayi tsoho shekarunsa, ya ce an haife shi shekarar da fara ta cinye gero. Ni ne mai dariyar. Makau kuwa sai ya zauna ya yi ta tambaya har ya gano shekarar, ya cike fom, ya raka mutum Gusau a yi fasfo, ya nemo biza, har ɗaura bel ɗin jirgi yake koya musu da rawaninsa.

Saura wata biyu azumin 2017, wani mai haƙar zinariya daga Nasarawa Burkullu, Yahaya, ya kawo fasfo biyu, nasa da na mahaifiyarsa, ya kama kujeru. Shi ne muharraminta, takardunta a haɗe suke da nasa. Bayan sati uku rami ya rufta da shi.

Rannan da hantsi wata tsohuwa ta sauka daga kabu-kabu, ta zauna a bencin mata. Ta ce sunanta Aisatu.

"Na taho kan maganar wancan," in ji ta. "A soke tahiyar. Wanda za ya kai ni ya riga ni tahiya."

Makau da sunan muharrami yake jera fayil, fasfunan kuma duk suna Sakkwato. Ya tambaye ta sunan mamacin, ta sunkuyar da kai. Nan take ya gane. Ɗan fari ne, kuma uwa a wajenmu ba ta kiran sunan ɗan fari, kunyarsa take ji ko yana raye ko ba ya raye. Da wani ne, da ya ce aiki ba ya yiwuwa sai da suna. Makau ya ɗauko fayilolin, ya riƙa karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya a hankali, kamar mai karanta wa kansa. Da ya zo kan Yahaya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya ajiye sauran. Ni kuwa na koma shagona, don hawaye sun riga sun kunyata ni.

"Inna," na jiyo Makau ya ce, "shi ya cika nashi. Saura namu. Ba a sokewa."

Sau uku yana hawan babur zuwa Nasarawa Burkullu, a lokacin da mutane ke tsoron hanyar, don ya shawo kan ƙanenta Dodo ya bar gona ana dab da shuka ya maye gurbin Yahaya. Kamfani ya ce lokaci ya ƙure. Makau ya je Sakkwato ya kafa zama a ofishinsu kwana huɗu, har suka gaji da ganin fuskarsa. Goma ga azumi jirginsu ya tashi.

Da ta dawo ta kawo masa dabino da zamzam a 'yar buta. Ta ce, "Malam, sad da nig ga Ɗakin Allah, sai nij ji bakina ya hwaɗi suna nai. Sau bakwai. Ban taɓa sanin haka yake da daɗi ba."

Kai ne ka kai ta, Makau. Kai ne tsanin da aka taka aka hau, aka bar shi jingine. Ɗaruruwa ka sallama zuwa Makka, kai ko sau ɗaya ba ka taɓa wuce ƙofar filin jirgi ba. Yanzu idanu sun yi rauni, ba ka iya karanta fom, ƙarshen watan nan za ka miƙa makulli. Abin yana yi mini ciwo, ban ɓoye ba.

Mun gode, Malam. Allah Ya saka maka, Ya kuma kira ka Ɗakinsa tun da sauran ganinka. Ku kuma da ke zaune bayan tebur, in wata tsohuwa ta sunkuyar da kai a gabanku, kada ku ɗaga mata murya. Ku ɗauko fayil ku karanta mata.