Dattijon da Sandarsa ke Ɓata Ranar Ruwa

Duk sa'ad da ruwan safe ya ɗauke, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso, sai zuciyata ta koma makarantarmu ta firamare a ƙasar Gazara. Ya kai mai karatu, mu bakwai ne 'yan hayin rafi. Da damina sai mun jira ruwa ya janye kafin mu haye, littattafai a ka, riga a hannu.

Dokar hedimasta ba ta lanƙwasuwa: wanda ya makara sau uku, a kore shi ya zo da mahaifinsa. Ni kuwa na riga na makara sau biyu. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya faɗa mini ƙarara cewa ranar da aka kira shi, ranar zan ajiye boko in kama gonar rake. Ba kuwa mai maimaita magana ba ne.

Maigadin makarantar wani dattijo ne Bafulatani, wanda shanunsa suka ƙare ya zauna cikin gari. Shi ke buga ƙararrawa, wato tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataya a reshen maɗaci. Wata Talata rafi ya cika ya batse, muka daɗe a bakinsa. Na iso ina haki, na sakankance karatuna ya ƙare, sai na tarar yara suna ta wasa a fili. Dattijo na tsugune cikin ciyawa yana neman sandar bugawa, sannu a hankali. Bai same ta ba sai da ƙaraminmu ya shigo.

Hedimasta ya fito, ya dubi agogon hannunsa, ya ce, "Baba, yau ma sandar ta ɓata?"

"Ranka ya daɗe, tsufa ne. Idon ba ya gani."

"Amma yana hango bakin rafi," in ji hedimasta. Ya gyara hularsa, ya koma ofis.

Ba a taɓa kiran mahaifina ba. Na kammala, na ci gaba, na koyar har furfura ta rufe ni.

Yau an gina gada, a babur ake kai jikokina, kowane malami da agogo a wayarsa. Alhamdu lillahi, ba na ƙyashin sauƙin da suka samu. Sai dai ban taɓa yi wa dattijon nan godiya ba, domin ƙuruciya ta sa na ɗauka da gaske ba ya gani. Da na gane, ƙasa ta riga ta rufe shi. Tun daga nan nake haɗa shi da iyayena cikin addu'a.