Hular da Aka Kawo wa Baba

Mahaifina ɗan wasan golf ne, kuma da wasan ya ciyar da mu. A unguwarmu ta Ali Kazaure a Jos wasu dariya abin yake ba su. Maƙwabtanmu teloli ne da direbobi da masu shago, shi kuwa da an idar da sallar asuba sai ya rataya jakar sanduna ya hau motar Bukuru zuwa fili. Da ɗaukar wa Turawan kuza jaka ya fara, ya koyi wasan da ido, har ya zama gwani. Ya ci kofi a Kaduna da Legas, sau biyu kuma aka fita da shi ƙasar waje.

Ya ɗan haura sittin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Bakinsa ya dawo daidai, ƙafar ma yana jan ta, amma hannun dama ya mutu. Ya hana mu faɗa wa abokan wasansa. Abin da suka sani kawai shi ne hawan jini ya kwantar da shi. In baƙo ya zo sai ya lulluɓa da bargo har wuya, ya ce sanyin Jos ne. Lokacin ina aure a Titin Bauchi, ina koyarwa a firamare, kullum in an tashi nakan biya in duba shi.

Wata Laraba na tarar da baƙo a falo. Mutumin Bukuru ne, Kirista, wanda Baba ya koya wa wasa shekarun baya, kuma a lokacin shi ne zakara. Ya zo da farar hular hana-salla cike da sa hannun tsofaffin gwanaye. Za a sa ta a gilashi a ɗakin taro na filin.

"Oga, naka kawai ya rage," in ji shi. "Na bar maka wuri a gaba."

Baba ya dubi hular bai motsa ba. "Ajiye ta," ya ce. "Ka dawo ran Asabar, yau jikina ba daɗi."

Kwana biyu yana gwada sa hannun da hagu a bayan tsofaffin takardun ɗalibaina. Abin da ke fitowa ko ɗan aji ɗaya ya fi shi. Ran Juma'a bayan la'asar ya sa na ɗauko fasfonsa daga akwati, ya nuna min sa hannunsa na da.

"Ke za ki yi."

"Baba, ai ƙarya ce."

"Sunana ne, kuma ni na sa ki."

Na ce ya faɗa wa mutumin gaskiya mana, ai ba baƙo ba ne. Sai ya juyar da fuska bango. Ya ce mutumin nan ya san shi yana aika ƙwallo inda ido ba ya kaiwa, ba zai zauna a gabansa ana tausaya masa ba. Na ɗauki biro na yi ta kwaikwayo a takarda, yana gyara min, nan ki ja wutsiyar, nan ki danna. Da ya gamsu na rubuta a hular.

Ran Asabar baƙon ya zo ya karɓa yana ta murna. Ya ce hannun Oga na nan da ƙarfinsa, Allah ya kawo sauƙi ke nan. Bayan mako biyu ya bugo min waya, wai sun yanke shawara Baba ne zai buga ƙwallon farko ranar buɗe gasa, za su aiko da mota. Baba ya sa na ce ya tafi Kano ganin likita. Suka ɗaga masa zuwa wata gasar, na ce yana da biki. Sau biyu mutumin ya zo har ƙofar gida aka ce barci yake yi. Daga nan wayar ta ragu, har ta tsaya. Baba ya koma zama a tsakar gida shi kaɗai, in ya ji mota ta tsaya a layi ya ɗaga kai, ya kuma mayar.

Shekara guda da rabi bayan haka ya rasu. Ranar sadakar uku mutumin ya zo, ya zauna da maza a waje, sannan ya aiko a kira ni zaure. Ya yi min gaisuwa, ya ce, "Malama, me muka yi wa Oga ya guje mu?"

Na faɗa masa zancen hannun, da lokacin da ya shanye. Na jira ya tambaye ni hular, bai tambaya ba, ni ma ban ɗago ta ba.

"Da na sani," ya ce, "duk Lahadi in an tashi coci sai in zo in ɗauke shi, ya zauna a inuwa yana kallonmu kawai. Ba sai ya buga komai ba."

Ya share fuska da hankici, ya ce in gai da Mama, ya fita. Na daɗe tsaye a zauren kafin na iya komawa cikin mata.